Ƙwayar Waken da Ba Gwaggo Jannatu Ta Ajiye Ba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Safar, ana gab da kiran sallar azahar, Anisa, 'yar gwaggona, ta buga mini waya daga Tambuwal. Ina ofis a Sakkwato, ina gyara jawabin da wani babba zai karanta washegari. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Mansura, Inna ta cika." Na ajiye biro na ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Sai da na maimaita, domin a karon farko bakina ne kawai ya faɗa, zuciyata ba ta riga ta ji ba.

Malama Jannatu Almu, tsohuwar shugabar makarantar firamare, yayar mahaifina kuma uwar da ta rene ni, ta rasu tana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar kwana tara. An yi mata sutura bayan la'asar. Motar da na shiga ta tsaya ɗaukar kaya a hanya, kafin in iso har maza sun dawo daga maƙabarta. Na makara, Gwaggo. Kuma ke kaɗai kika san cewa ba wannan ce makarata ta farko a gare ki ba.

Masu zuwa gaisuwa kowa da abin da yake tunawa. Wata ta ce ke kika ɗinka mata rigar makaranta da kekenki, a shekarar da uwarta ta ce ba za ta koma aji ba saboda tsumma. Wani dattijo daga Sanyinna ya ce 'ya'yansa mata huɗu a hannunki suka koyi rubuta sunansu. An tuna bulalar da kike ratayewa a ƙofar ofishinki shekara ashirin, wadda har gara ta cinye ta ba a ga ranar da kika sauke ta ba. Ni kuwa abin da na fi tunawa shi ne ranar da uwata ta rasu ina 'yar shekara shida, kika zo kika ɗauke ni da 'yar jakata, kika sa ni tabarma ɗaya da Anisa. Ba ki taɓa raba mana kwano ba. In za ki yi faɗa ma tare kike haɗa mu, ko da mutum ɗaya ne ya fasa tulun.

Amma abin da matan unguwarmu suka fi ambata a zaman makoki shi ne faifanki. Dole in yi bayaninsa ga wanda bai san gidanmu ba, domin a kansa wannan rubutu ya tsaya.

Duk ranar ɗaya ga Oktoba, da ƙarfe bakwai na safe, shugaban ƙasa yakan yi jawabi a talabijin, da Turanci. Gwaggo takan sa a fito da akwatin talabijin ɗinta tsakar gida, a cire masa mayafin da ake rufe shi da shi, a tayar da inji in ba wuta. Mata su cika gidan, wasu da goyo, wasu hannu duk ƙullun koko. Ita kuma ta zauna a kujerar tsuguno da faifai a cinya, ga gwangwanin wake a dama, ga tsakuwa a hagu. Shugaba yana magana tana fassarawa. Duk alkawarin da ya yi sai ta yi masa tambaya uku, da ƙarfi, kamar yana gabanta a aji: "Wa za shi yi? Ina za a yi? Yaushe za a yi?" In jawabin ya amsa ukun, ta ajiye ƙwayar wake a faifai. In ya tsallake ko da ɗaya, ta ajiye tsakuwa. Da an buga taken ƙasa sai mata su leƙa faifai.

"Malama, bana wake nawa anka samu?"

"Ƙwaya fuɗu na. Ko ƙosai guda ba su yi."

A yi ta dariya, a sha koko, kowa ta koma gida ta gaya wa mijinta. Ana fassara jawabin a rediyo da Hausa, gaskiya ne, amma rediyo fassara kawai yake yi, ba ya tsince.

Gwaggo, ba ki taɓa shiga jam'iyya ba, ba ki kuma taɓa zagin shugaba ba, na soja ne ko na farar hula. Kin ce aikinki sauraro ne. Ke kika nuna mini cewa in aka zo wurin wahala shugaba yakan jawo mu duka cikin maganar, in aka zo wurin nasara sai ya tsaya shi kaɗai. Ke kika nuna mini yadda kowane jawabi yake raba mutane gida biyu, masu kishin ƙasa waɗanda ke haƙuri, da maƙiya ci gaba waɗanda ke tambaya, yadda mai sauraro zai ji kunyar ɗaga hannu. In kika ji ya fara da yabon haƙurin talakawa, sai ki juya ki ce wa mata su ƙara ɗaure zani, wani abu na tafe. Kin lura kuma ana kiran manomi da kirari mai daɗi amma ba a ambaci taki da rana da wata ba, makiyayi kuwa ana ambatonsa ne kamar wata cuta da za a yi wa magani. Duk wannan a tsakar gida kika koyar da shi, ba allo ba alli.

Cikin masu jiran faifanki akwai wadda ba ta iya zuwa ranar jawabi saboda nisa. Ita ce Inna Batula, matar Haliru, makiyaya ne da rugarsu ke kusa da Fakku a ƙasar Kebbe. A Fakku aka fara kai ki aikin koyarwa kina amarya, a can kika haifi Sirajo, nononki ya ƙi zuwa, Batula ce ta riƙa kawo miki madara kullum safe har ya yi ƙwari. Tun daga nan kuka ƙulla. Bayan kin dawo Tambuwal, duk shekara, ranar kasuwar da ta biyo bayan jawabi, sai ta shigo mota ta zo da man shanu a ƙwarya, ku raba dare biyu kuna hira, ta koma da labarin faifai. A rugarsu maganarki ta fi ta rediyo nauyi. Lokacin ne kuma suke yanke shawarar inda za a kora shanu cin rani.

Yanzu na zo wurin da na yi shekara bakwai ina kewayewa.

A shekarar da nake magana, an sa miki ranar aikin yanar ido a Sakkwato, ta faɗo daidai ƙarshen Satumba. Ni kuwa na gama karatu ke nan, na samu ɗan aiki a sashen watsa labarai, kaina ya cika da iska. Akwai shugaban da nake so a lokacin. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba shi ne ya yi abin da zan faɗa ba. Mutum ne mai iya magana. In ya dubi kyamara ya sassauta murya, sai in ji kamar da ni kaɗai yake. Ina da hotonsa a wayata, ina haddace jimlolinsa ina zuba wa ƙawaye. Kina kallona kina murmushi, wani lokaci ki ce, "Ɗiyag ga, kunne anka ce ki ba shi, ba zuciya ba." Ni kuma in ce a raina tsufa ne ya sa ba ki yarda da kowa.

Da za ki tafi asibiti kika miƙa mini faifai. Kika ce in saurara, in ajiye wake da tsakuwa yadda kika koya mini, amma kada in yanke wa kowa hukunci sai kin dawo mun duba tare.

Jawabin shekarar ya yi daɗi, har yau ban musa ba. Ya yi magana a kan makiyaya, ya ce yawo da shanu al'adar jiya ce, ƙasa mai son ci gaba ba ta barin 'ya'yanta suna bin daji. Ya ce za a haƙa madatsun ruwa da rijiyoyin burtsatse a wuraren kiwo a faɗin ƙasa, nan ba da jimawa ba, kuma duk makiyayi mai kishin ƙasa ya zauna inda yake, gwamnati za ta same shi. Da ya zo nan muryarsa ta yi rawa, ni kuma hawaye ya zubo mini. Ko jaririn da ke goye a gidan ya san hukuncin wannan magana a faifanki. Bai faɗi wanda zai yi ba, bai faɗi gari ko ɗaya ba, bai faɗi wata ba. Tsakuwa ce tsantsa. Hannuna ya je gwangwanin dama.

Ranar kasuwa Inna Batula ta iso da ƙwaryarta. Ta tarar ba kya nan, ta zauna a kan tabarma ta ce, "Ɗiyar Malama, mi mai ƙasa yac ce bisa gare mu? Maigida na jira, ƙannenai sun matsa a tashi."

Da na ce mata ga abin da ni na ji, da ta yi godiya ta jira ki. Na san haka, shi ya sa ban ce ba. Abin da na ce shi ne, "Gwaggo ta ji shi ga rediyo can asibiti. Ta ce in gaya miki wake na. Ku zamna, ruwa na nan tafe." Na ɗauko ƙwayar daga faifai na sa mata a tafin hannu. Ta ƙulle ta a bakin zaninta, ta sa mini albarka. A lokacin ban ji na yi ƙarya ba. Gani nake na taimaki ci gaba, na kuma rage miki aiki. Da kika dawo da bandeji a ido, na ce miki Batula ta zo ta gaishe ki, ta bar man shanu. Na tsaya nan.

Ƙannen Haliru suka kora nasu shanun suka yi kudu kamar kowace shekara. Shi ya ƙi tashi. Ya ce Malama ba ta taɓa ajiye wake a banza ba. Kaka ta wuce, harawa ta ƙare, tafkuna suka bi juna suna ƙafewa. Ba mai haƙa da ya zo, ba wanda ya zo auna fili ma. Kafin ya yarda cewa babu mai zuwa, shanun sun rame yadda ba za su iya doguwar tafiya ba. Cikin arba'in da 'yan kai da yake da su, goma sha tara suka mutu kafin ruwan farko, wasu kuma aka sayar wa mahauta a kwance. Mutumin da ake zuwa neman shawararsa ya koma kiwon shanun wasu. Ya ce maganar mata ce ta kashe shi, ya hana Batula taka Tambuwal.

Labari ya iso miki da damina. Kika shirya kika tafi Fakku ke kaɗai, da idon da har lokacin bai koma daidai ba, mota ta sauke ki a Kebbe kika hau babur. A can kika ji abin da aka ce kin ce. Daga baya na samu labarin yadda aka yi. Haliru ya tsaya a kanki yana faɗa, Batula ta juya miki baya tana kuka, ke kuwa kika durƙusa a gaban ruga kika ce daga gidanki maganar ta fito, a yafe miki. Ba ki ce ba ke ba ce. Ba ki ambaci sunana ba.

Da kika dawo da hantsi washegari, ina tsakar gida ina wanki. Kika zauna a kujerar nan ta tsuguno, ba ki ko cire mayafi ba, kika ce, "Mansura, Fakku nit tafi."

Na ce, "Sannu da hanya, Gwaggo."

Kika zuba mini ido. Na san abin da kike jira, kin kuma san na sani. Na tambaye ki ko hanya ta yi taɓo. Kika ce ta yi. Na tambaye ki ko in dama miki fura. Kika ce a'a. Kin zauna a wurin har na gama wankin na shanya, sannan kika tashi kika shiga ɗaki. Wallahi da mari kika yi mini da ya fi mini sauƙi.

Oktoba ta zagayo, mata suka taru, kika ce ido ba ya barin ki kallon talabijin. Suka ce ai da kunne kike yi. Kika ce kunnen ma ya gaji. Kika rataye faifai a bangon ɗakinki, bai sake sauka ba. Ni kuma na nemi canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, na samu. Ina zuwa da salla, in kawo atamfa da turare, in cika gidan da surutu yadda shiru ba zai samu wurin zama tsakaninmu ba. Ba ki taɓa canja mini fuska ba. Da aurena ya zo ke kika tsaya a kan komai. Da na haihu ke kika yi mini wankan jego. Kullum in na yi sallama zan tafi sai ki riƙe hannuna ki ɗan jinkirta saki, ni kuma in ce direba na jira.

Sana'ar da na ƙare a cikinta ita ce rubuta wa manya jawabi. Na iya ta, ba yabon kai ba. Na san inda ake sa "nan ba da jimawa ba", na san inda ake sa "a faɗin jiha", na san daidai wurin da mai karatu zai tsaya ya cire tabarau don a tafa. Duk jimlar da na rubuta ina jin muryarki tana yi mata tambayoyin nan uku, ina kuma jin ƙarar tsakuwa a faifai. Abin da kika koya mini don in kare mutane, da shi nake ci.

Abin da ban sani ba sai a wannan mako shi ne abin da ya faru da sunanki a can. Wata mata daga Kebbe ce ta faɗa a zaman makoki, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce a rugagen wajen Fakku, in mutum ya yi alkawarin da ba a sa ran zai cika, sai a ce masa wannan waken Malama ne. Yara ma suna faɗa, waɗanda ba su taɓa ganinki ba. Matar da ta yi shekara talatin tana tsince wa mutane gaskiya daga cikin daɗin baki, sunanta ne ya zama abin yi wa maƙaryaci ba'a. Anisa ta ce kin san da wannan tun tuni.

Ranar sadakar uku, da rana tsaka, Inna Batula ta yi sallama. Ta tsufa, ta sunkuya, ba ƙwarya a kanta. Haliru ya rasu bara, shi ya sa ta samu zuwa. Ta gaisa da mutane, ta nemi a nuna mata ɗakinki. Ta ga faifai a bango, ta sauke shi da kanta. Sai ta kwance wani ɗan ƙyalle, ta fito da ƙwayar wake, ta yi baƙi, ƙwari sun huda ta. Ta ajiye ta a tsakiyar faifan.

Ta ce, "Ga abin da tat aiko min. Shekara bakwai nika riƙe da shi, ina jin zafinta. Ta zo har ruga ta durƙusa, ban dube ta ba. Yau na zo in aje. Na yafe mata duniya da lahira."

Mata suka ce amin, wasu suna kuka. Ta juyo ta gan ni, ta kama kaina ta ce, "Ɗiyar Malama, Allah shi ba ki haƙuri, kin yi rashin uwa." Ina tsaye, ƙwayar da na ɗauka da hannuna tana gabana, ɗaki cike da shaidu. Na buɗe baki na ce, "Amin, Inna. Kin sha hanya." Ko a ranar ma hanya na tambaya.

Bayan ta tafi na kasa riƙewa, na ja Anisa bayan ɗaki na gaya mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun a shekarar ta gane, ta kuma roƙe ki ki fito ki wanke kanki, kika hana ta. Kika ce ke kika bar faifai a hannun mai son mai magana, wannan rabonki ne na laifin, kin kuma kai shi Fakku. Sauran kuwa, kika ce, "Maganar Mansura ta, ita ka kai ta. In ni nik kai mata, ba ta ƙara iya ɗaga kai." Kin yi shekara bakwai kina jira in kai. Kina ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa, ni ina cewa direba.

To, Gwaggo, ga shi na kawo, a lokacin da ba za ki ji ba. Ina shaida wa duk wanda ya karanta wannan, ina kuma roƙon wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya karatu ba, musamman mutanen Fakku da rugagen da ke kewaye da ita: Malama Jannatu ba ta ji jawabin nan ba, tana kwance an rufe mata ido. Ba ta aiki kowa ba. Ba ta ajiye waken nan ba, kuma da tana nan da tsakuwa za ta ajiye. Ni Mansura na ɗauka, ni na sa sunanta a kai don a yarda. In za ku ci gaba da ba'ar, ku ce waken Mansura, shi ne daidai.

Gwaggo, na san abin da za ki tambayi wannan rubutu, domin shi ma jawabi ne, kuma kin san na iya jawabi. Ga amsa. Ni zan je, da ƙafata. Rugar su Inna Batula zan je, a gaban 'ya'yan Haliru da ƙannensa. Ranar Asabar mai zuwa, da motar farko. Ban san ko za su yafe ba, ban kuma da shanun da zan mayar. Faifan yana jakata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayana Sirajo da 'yar'uwata Anisa, da jikoki, da mahaifina wanda ya rasa yayar da ta goya shi, da dukan zuriyar Malam Almu. Ina yi wa ɗalibanta na Tambuwal da Sanyinna da Fakku ta'aziyya, da matan unguwarmu da suka yi shekara bakwai ba su san dalilin da ya sa aka daina fito da talabijin ba. Ina yi wa Inna Batula ta'aziyyar aminiyar da na raba ta da ita. Allah Ya jiƙan Haliru, Ya mayar masa da abin da ya fi garkensa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Jannatu. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka sa kowane harafi da ta koyar ya zama mata sadaka mai gudana. Ka sa sunanta ya bi ta, Ka saukar da ita a Aljannar Firdausi. Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ka gafarta mata kurakuranta, na ɓoye da na sarari. Wannan guda ɗaya kuwa da aka yafe mata ranar sadakar uku, ya Ubangiji, Kai ne shaida ba nata ba ne. Nawa ne, kuma ni ba a yafe mini ba tukuna.